Ga masu koyon Turanci: a kula da kalmar "tinkle"

'Yan uwa, wannan kalma tana da fuska uku, kuma ɗalibai da yawa ɗaya kawai suka sani.

Asalinta kwaikwayon sauti ne, kamar yadda muke cewa "kacau-kacau" idan awarwaro ko tsabar kuɗi suka gogi juna. Tun ƙarni na 14 Turawan Ingila suke amfani da ita. Tushenta "tink" ne, wato ƙara guda ta ƙarfe siriri, sai aka ƙara mata "le" a ƙarshe don nuna maimaici. Shi ya sa ta dace da 'yar ƙaramar ƙararrawa, ko cokali yana taɓa kofin gilashi. Ƙarar babban ƙarfe kuwa, irin na maƙera, "clang" ake ce mata, kada a haɗa su.

Inda nake so ku kiyaye shi ne hira. A Ingila, idan wani ya ce zai ba ka "tinkle", waya zai buga maka. A bakin yara kuma, da iyaye masu lallaɓa su, fitsari take nufi. Don haka a wasiƙar neman aiki ko gaban malami, ku ce "call" kawai idan waya kuke nufi.