ED da makarantar soja a Amurka: kurakuran da na gaji da gani

Duk shekara da zarar Oktoba ta kama sai wayoyi su fara shigowa, wani daga Bironks wani daga Hustan wani daga Meriland, tambayar kuma guda ce, wai yaro yana neman West Point, makarantar sojan ƙasa, ko Anapolis, ta sojan ruwa, kuma ga wata babbar jami'a da suke so ya cike mata ED saboda an ce musu an fi ɗaukar yara ta nan, shin ba sai a haɗa biyun ba duk wadda ta fito shikenan? Na amsa har bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta.

Ga wanda bai sani ba, ED, wato Early Decision, tsari ne na neman admishin da wuri amma da ɗauri a ciki. Ka miƙa takardu 1 ga Nuwamba, wasu jami'o'in 15 ga wata, su ba ka amsa tsakiyar Disamba, in sun ɗauke ka dole ka je, dole kuma ka janye duk wata takarda da ka tura wani wuri. Mutum uku ke sa hannu a yarjejeniyar, yaro, uba ko uwa, da malamin da ke ba ɗalibai shawara a sakandaren yaron. Irin su Duke, Cornell, Brown, Northwestern da Vanderbilt duk suna da shi. EA kuwa, wato Early Action, neman admishin ne da wuri ba ɗauri, za su ba ka amsa da wuri amma kana da damar yin tunani har 1 ga Mayu. Kuskure na farko kenan, mutane da yawa ba su ma bambance biyun ba suke danna maɓalli. Ku karanta abin da kuke sa wa hannu dan Allah.

Babban kuskuren dai shi ne tunanin wai ED inshora ce, a riƙe ta a aljihu a ci gaba da jiran soja. Ba haka take ba. Kalandar su biyun ba ta taɓa haɗuwa. Jami'a za ta ɗaure ka a Disamba, su kuwa makarantun soja yawancin yara sai tsakanin Janairu zuwa Afrilu suke jin sakamako, saboda kafin su ba ka gurbi sai abubuwa uku sun cika: makarantar ta yarda da karatunka da ƙarfin jikinka, likitocin ma'aikatar tsaro sun ce lafiyarka ƙalau, sannan ka samu nomineshin daga ɗan majalisa, wato ya tura wa makarantar sunanka. Shi kansa nomineshin ɗin ofisoshin 'yan majalisa suna yin intabiyu ne a Nuwamba ko Disamba, kuma suna da dama har 31 ga Janairu kafin su tura sunaye. To ka ga ranar da jami'ar ED za ta ce ta ɗauke ka, sau da yawa ko nomineshin ba ka ji ba tukuna, balle gurbi. Kamar an ɗaura maka aure ne alhali wadda kake so ɗin iyayenta ba su ma ba da amsa ba.

Ni wannan ba labari aka ba ni ba. Babban ɗana tun yana aji na farko a sakandare ba shi da zance sai sojan ruwa, hoton jirgin yaƙi ne manne a bangon ɗakinsa, da asuba kafin mu fita masallaci ya riga ya ɗaura takalmin gudu. Ni ne na matsa masa ya cike ED a wata jami'a mai suna, don tsoro nake kada a tashi biyu babu, kuma in faɗi gaskiya akwai son a ce ɗan wane yana jami'a kaza. Na ce masa ai in sojan ta fito sai mu ba jami'ar haƙuri. Suka ɗauke shi a Disamba. Ina zaune a kicin ya shigo da laftof a hannu, shafin ya cika da ado ana taya shi murna, shi kuwa fuskarsa kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Sati bai zagayo ba malamar shawara ta makarantarsu ta kira mu ta ce to yanzu sai a janye sauran takardu, har da ta soja. Na ce haba Malama ai soja ba jami'a ba ce, ta ce Malam ka duba takardar da ka sa wa hannu, ba a ware kowa ba, ni ma sunana yana ciki, ba zan sake tura sakamakonsa ko'ina ba. Nomineshin ya zo bayan nan, lokacin aikin gama ya gama. Mun rubuta wa jami'ar muna roƙo, suka ce hanyar da suka sani ta sakin ɗalibi ita ce in tallafin kuɗin da suka ba shi bai isa ba, mu kuwa ba za mu iya yin wannan ƙaryar ba don tallafin ya zo daidai da lissafinsu. Haka na biya kuɗin shekara guda da ban shirya masa ba, a irin jami'o'in nan da kuɗin shekara ya haura dala 80,000 in ba a rage maka komai ba, ko da an rage ɗin ma abin da ya saura ba wasa ba ne. Kuɗin ma da sauƙi, yaron nan ya daɗe ba ya sakin jiki da ni.

Wasu za su ce maka ai ED ba kwangilar da za a kai ka kotu a kanta ba ce. Gaskiya ne, babu ɗan sandan da zai zo ƙofarka. Amma jami'o'i suna magana da junansu, ana iya soke admishin ɗin yaro, sannan sakandaren da ya fito ita ke kwasar kunya, ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta su za su biya bashin. Kuma ku tsaya ku yi tunani mana, yaron da yake neman shiga makarantar da dokarta ta farko ita ce ɗalibi ba ya ƙarya ba ya maguɗi ba ya sata, shi ne za ka koya masa ya fara da karya alkawarin da ya sa wa hannu? A intabiyun nomineshin tsofaffin hafsoshi ne sau da yawa ke zama, suna iya tambayarsa ina da ina kuma ka nema, me zai ce? Wallahi abin yana ba ni haushi in na ji uba yana cewa ai kowa ma haka yake yi.

Maganin da nake ba mutane, kuma wannan ra'ayina ne ba wai kowa ya yarda da shi ba: kafin 1 ga Nuwamba a zaunar da yaro, ba waya a hannu, a tambaye shi in duka biyun suka ɗauke ka yau ina za ka? In ya ce soja, ko ma ya yi jim bai amsa ba, to a manta da ED kwata-kwata, har da zagaye na biyu da ake rufewa a Janairu. A bi EA da jami'o'in gwamnatin jiha. MIT tana da EA wanda ba ɗauri. Harvard da Stanford nasu yana hana ka neman wata jami'a mai zaman kanta da wuri, amma ba ya ɗaure ka, kuma sun rubuta ƙarara cewa makarantun soja ba sa cikin hanin. In kuwa ya ce jami'ar yake so, soja ce ta biyu, to ya yi ED ɗinsa da zuciya ɗaya ya san cewa ranar da aka ɗauke shi zai rubuta wa makarantar soja da ofishin ɗan majalisa ya ce ya janye, don a ba wani yaron. Akwai masu cewa a rubuta wa jami'ar tun kafin a nema a tambaya ko za su saki yaro in ya samu gurbin soja, wasu jami'o'in kan yarda. Ban hana ba, amma a rubuce nake son amsar, daga ofishin admishin, ba maganar baki da wani ya yi maka a waya ba.

Wani kuskuren da ke cin mutane shi ne kishiyar riƙe ED a aljihu, wato a zuba komai a soja ba a nemi ko'ina ba. Nan ma na ga hawaye. Gwajin lafiya hukumar DoDMERB ta ma'aikatar tsaro ke kula da shi, kuma abin da kai ba ka ɗauka ciwo ba shi zai tsayar da yaro. Asma bayan shekara 13 da haihuwa tana hana shiga sai an yi maka afuwa ta musamman. Wata baiwar Allah da muke zumunci, yaronta likita ya taɓa rubuta masa inhela lokacin wani mugun tari yana ɗan shekara 14, sun ma manta da zancen, ita ce ta riƙe fayil ɗinsa wata da watanni ana ta neman takardun asibiti. Haka matsalar rashin bambance launi ga mai son sojan ruwa, haka wasu magungunan da yara ke sha don natsuwa a aji, haka tsohuwar tiyatar gwiwa. Afuwar kuma ba kai ke nema kai tsaye ba, makarantar ce ke duba ko tana son ka har ta nema maka. Saboda haka da zarar an buɗe maka hanyar gwajin ka je ka yi, kada ka ce sai an gama jarrabawa. Kuma kada wanda ya ce maka ka ɓoye, in aka gano daga baya korar ta fi rashin shiga ciwo.

Ko gurbin ya fito ma ba a gama ba. Ana shiga ne ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, yaro ya je ƙwallo a watan Mayu ya karya ƙafa shikenan an ɗage shi. Ni dai abin da nake yi, ina sa a biya kuɗin kafin alƙalami a jami'a guda kafin 1 ga Mayu, a kuma gaya musu gaskiya cewa yaro yana da gurbin soja, wannan na ko-ta-kwana ne. 'Yan ɗaruruwan dalolin nan in sun tafi sun tafi. Wasu na ganin bai dace ba, ni tunda an faɗa musu ban ga laifi ba.

Akwai wata takarda da ake kira LOA da makarantun ke ba yaran da suka yi fice tun da wuri, iyaye su ɗauka an gama har a fara raba goro. Alkawari ne mai sharaɗi, sai lafiya ta wuce, sai nomineshin ya samu.

Nomineshin kuma kada a tsaya kan mutum ɗaya. Kana da ɗan majalisar wakilai na mazaɓarka, sanatoci biyu na jiharka, da mataimakin shugaban ƙasa, duk ka nema. Kowane ɗan majalisa ɗalibai biyar kawai ake lissafa masa a kowace makaranta a lokaci guda, ka ga gurbin ba yawa. Kowane ofis da ranar rufewarsa, wasu tun Satumba ko Oktoba. Kuma ku cire tunanin gida, ba sai ka san wani ba, ba a kai wa kowa gaisuwa, fom ne da intabiyu. Makarantar masu gadin teku da ke New London ita ba ta ma buƙatar nomineshin, tana kuma da EA nata, amma mutanenmu ko kallonta ba sa yi.

Girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, ba ya isa a shiga makarantun nan, sai ɗan ƙasa. In yaro ya samu zama ɗan ƙasa ta hanyarka ne to ka nemo masa fasfo ko satifiket tun yanzu. Shekaru kuma daga 17, kada ya cika 23 kafin 1 ga Yulin shekarar shiga, ba aure, wannan ya shafi West Point da Anapolis da ta sojan sama da ke Kolorado.

Gwajin ƙarfi abu shida ne a jere, akwai jifan ƙwallon kwando a durƙushe, akwai gudun mil ɗaya a ƙarshe bayan ka riga ka gaji. Wannan jifan shi ke kunyata yara don ba wanda ke atisayensa.

Sai maganar da iyaye ba sa son ji. Da yawanmu abin da ke jan mu shi ne karatu kyauta har da ɗan albashi duk wata. Ba kyauta ba ce Alhaji, shekara biyar ce aƙalla a bakin aiki bayan kammalawa, kuma inda aka tura shi nan zai je. Yana da damar fita a shekaru biyun farko ba bashi, amma da ya shiga aji a shekara ta uku ya ɗauru. In kai ne ke so ba shi ba, horon bazarar farko kaɗai zai tona asiri. Wanda ke son kakin amma yana son rayuwar jami'a ya duba sikolashif na ROTC, wato shirin horon hafsoshi da ake yi a cikin jami'a, sai dai a tabbatar jami'ar da za a yi wa ED tana da reshen rundunar da yake so ko tana haɗin gwiwa da wata jami'a kusa, na ga wanda ya ɗaure kansa sannan ya gano babu.

Wanda bai samu ba a karon farko kuma ƙofa ba ta rufe ba, ana sake nema daga jami'a, ɗana ma ta nan ya bi daga baya. A ɗauki lissafi da kimiyyar sinadarai da Turanci a zangon farko a ci su da kyau, a sake neman nomineshin sabo. Sai dai a sani ba a rage maka shekara, ko ka yi shekara biyu a jami'a daga aji ɗaya za ka fara, huɗun nan sai ka yi su cif.