Kafin ka kafa tanti a gona, karanta alamun da ke ƙasa

'Yan'uwa masu zuwa kwanan tanti a gonar da ake kiwo, ga shawara: ka isa da sauran rana, ka zaga wurin da ƙafa kafin ka buga turke ko ɗaya.

Nemi sawun kofato, kashin shanu da inda ciyawa ta kwanta. Wannan burtali ne, ka matsa nesa da shi.

Dalili kuwa, saniya ba ta son sauya hanya. Inda ta bi jiya zuwa mashaya, nan za ta bi gobe da asuba. Ni na koya da tsada: na farka wani maraƙi na lasar igiyar tantina, uwarsa ta taka ta, sandar tantin ta karye.

Ka guji kwari ma, can sanyi da raɓa ke taruwa. In kana da ɗakin da mota ke ja, taya na iya nutsewa a laka a can.

Amma fa dabarar ba ta aiki in ruwan sama ya wanke sawun, ko manomi zai sauya wa garke makiyaya gobe. Don haka ka tambaye shi ta ina dabbobi da tarakta za su bi da safe.