Yadda ake bibiyar ƙwayoyin garkuwar jiki idan hanta ta gaza da kuma bayan dashe

Idan hanta ta gaza, alamomin da aka saba dogara da su wajen gane shigar ƙwayar cuta sukan daina faɗin gaskiya. Hanta ce ke samar da CRP, furotin da ke hawa a jini idan cuta ta shiga jiki, don haka yana iya zama ƙasa alhali cuta na cin majinyaci. Furokalsitonin kuwa, wata alamar cuta da ake aunawa a jini, yakan hau saboda mutuwar naman hanta kaɗai, musamman idan farasitamol ne sanadi. Zazzaɓi ma ba kullum yake zuwa ba. Shi ya sa ake komawa ga fararen ƙwayoyin jini su kansu, a duba yawansu da ƙarfinsu.

A fara da ƙidayar jini tun ranar da aka kwantar da majinyaci, a riƙa maimaitawa kowace safiya. Ainihin adadin nutrofil da limfosayit, manyan nau'o'in fararen ƙwayoyin jini biyu, ake so, kaso cikin ɗari bai wadatar ba. Kafin a yanke hukunci a duba saifa, domin idan ta kumbura tana riƙe fararen ƙwayoyi, adadi ya faɗi. A duba takardar magani kuma: sitiroyid yana ɗaga nutrofil, ya kayar da limfosayit.

Gwajin da ya fi amfani a wannan mataki shi ne auna furotin HLA-DR a jikin monosayit, wani nau'in farar ƙwayar jini, da na'urar filo-saitomita mai tantance ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya. Da wannan furotin monosayit ke nuna wa ƙwayoyin T, wani rukuni na limfosayit, abin da ta kama, idan ya ragu garkuwa ta yi sanyi ke nan. Ana ware monosayit da alamar CD14, a auna da ƙwayayen daidaita awo na Quantibrite don sakamako ya fito da adadin antibodi, wato furotin gwaji da ke manne wa HLA-DR, a kan kowace ƙwaya. Mai lafiya yakan wuce 15,000. Ƙasa da 8,000 ana ɗaukarsa garkuwa ta durƙushe. Binciken asibitin King's College da ke Landan na 2006 ya nuna cewa, a masu gazawar hanta ta farasitamol, idan monosayit masu HLA-DR suka sauka zuwa kashi 15 cikin ɗari ko ƙasa, da wuya majinyaci ya tsira ba da dashe ba.

Sai dai yawancin ɓarnar wannan gwaji tun kafin jini ya isa na'ura take faruwa. A ɗiba a kwalbar EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa, a sa cikin ƙanƙara nan take, a yi masa rini da antibodin gwajin cikin awa biyu. Idan aka bar shi kan tebur, monosayit sukan farka a cikin kwalba, HLA-DR ya hau, sai sakamako ya nuna garkuwar da babu ita. Kwalbar hefarin, wani mai hana daskarewar, ta fi saurin jawo haka. Ƙidayar rukunonin limfosayit masu alamar CD3, CD4, CD8 da CD19 kuwa ba ta son ƙanƙara, a yanayin ɗaki ake ajiye jininta. Kwalabe biyu ke nan masu murfi iri ɗaya, kulawa daban. A rubuta wa kowacce lokacin ɗiba da inda za a ajiye ta.

Kada a ɗora hukunci kan awo ɗaya. A auna sau biyu ko uku a mako, a duba inda adadin ya dosa. Wanda ya tashi daga 6,000 zuwa 9,000 ya fi wanda ya sauko daga 14,000 zuwa 10,000 kwantar da hankali.

Bayan dashe, faɗuwar HLA-DR da limfosayit a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, aikin tiyata da sitiroyid ne. Rashin farfaɗowarsu ne ke sa a nemi cuta: a shuka jini da fitsari a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro, a yi gwajin PCR na neman bairos ɗin CMV, a auna IgG, babban antibodin garkuwar jiki, wanda ƙasa da miligiram 400 a desilita haɗari ne. Idan nutrofil suka faɗi, a fara zargin magungunan maikofenolet, balgansaikulobir da kotirimokzazol. Wanda aka ba basiliksimab, maganin hana jiki ƙin dashe, kada a ƙidaya masa Treg, ƙwayoyin T masu lafar da garkuwa, da alamar CD25, maganin ya riga ya toshe wurin.

Awon takrolimus, maganin danne garkuwa don kada jiki ya ƙi sabuwar hanta, yana tafiya tare da waɗannan. Ana ɗibar jini awa 12 bayan sha, kafin na safe, kuma ba ta layin da aka taɓa ɗura maganin ba. Fulukonazol, kilaritiromaisin da gudawa suna ɗaga shi, rifamfisin na kayar da shi. Amma yawan magani a jini bai faɗin yadda garkuwa ta danne. Nan gwajin ImmuKnow ke shigowa: yana auna ATP, sinadarin makamashi, da ƙwayoyin CD4 ke fitarwa idan an zaburar da su, a jinin hefarin da bai wuce awa 30 ba. Nanogiram 225 a mililita ko ƙasa alama ce an danne garkuwa da yawa, a duba yiwuwar rage magani. Adadi 525 ko sama ba hujja ba ce cewa jiki na ƙin sabuwar hanta. A wannan ɓangaren gwajin ba shi da ƙarfi.

Idan alamomin aikin hanta a jini, wato ALT, GGT da bilirubin, suna hawa, fararen ƙwayoyin iyosinofil ma suka biyo baya, ana zargin jiki na ƙin hantar, amma a fara da hoton Dofla mai nuna gudanar jini don tabbatar da jijiyar hanta da bututun ruwan matsarmama a buɗe suke. In sun fita lafiya, a tsakuro naman hanta a duba shi bisa ma'aunin Banff na tantance ƙin dashe kafin a ƙara sitiroyid.