Darasi na 9: An Kashe Inji, Ya Ƙi Mutuwa

Kwale-kwale ya taso daga tsallake da buhunan kifi, ya kusa gaɓar Yawuri. Direba ya danna jan maɓallin kashe inji, inji bai mutu ba. Ga mata na wanki a bakin ruwa, ga yara na iyo. Me zai yi?

Kada ya firgita. Ya rage totur har ƙasa, ya mai da giya firi don farfela ta tsaya. Sai ya ja cok gaba ɗaya. Mai zai yi wa injin yawa, ya shaƙe. In ya ƙi, ya cire tiyon mai daga jikin inji, ya jira ɗan man da ke cikin kafireta ya ƙare. Kada ya taɓa hular fulogi da hannu, balle jiƙaƙƙen hannu. Wutar tana da ƙarfi, tana iya sa mutum ya faɗa ruwa.

Yanzu mu nemi dalili. Yawancin masu jirgi suna zaton maɓallin yana yanke wuta ne, irin na fitila. Ba haka ba ne. A injin fetur irin Yamaha mai doki 40, maɓallin yana karkatar da wutar ne zuwa jikin inji, sai fulogi ya rasa tartsatsi. To in wayar ta tsinke, ko tsatsa ta ci bakinta, wutar ba ta da wata hanya sai ta fulogi. Buɗe murfi, ka bi wayoyi biyu da suka fito daga maɓallin. A Yamaha, fara ce da baƙa. Za ka ga bakin wayar ya yi kore-kore, ko ƙusar da ta riƙe baƙar ta saki. Kankare, ka ɗaure. Sau da yawa gyaran ke nan.

Amma in injin yana kakkarwa yana ƙwanƙwasa bayan an kashe shi, wannan ya fi ban tsoro. Kunkunniya ce ta taru a kan fistin da bakin fulogi, ta yi ja kamar garwashi, tana kunna mai da kanta. Yawan baƙin mai ke kawo ta, da yawan barin inji a silo, wato yana aiki a hankali ba tafiya, da zafin inji. Duba ɗan ramin da ruwan sanyaya inji ke tsartowa a bayan injin idan yana aiki. In ba ya zubowa, kada ka sake tayarwa, kai shi wurin bakanike.

Ina roƙon ku, ku daina zuba baƙin mai a cikin fetur da ka. Awon yawancin irin waɗannan injuna shi ne kashi 1 cikin 50, wato rabin lita a jarka mai lita 25.

Aiki: Malam Direba ya sayi fetur lita 50. Baƙin mai nawa zai zuba? Rubuta amsa a littafinka.