Ga Samarin Agege Masu Shirin Zuwa Lekki

Salamu alaikum 'yan uwa. Tunda an tsayar da zuwa Lekki Conservation Centre, wato gandun dajin da aka killace don kare namun daji da itatuwa, a tashi da an idar da sallar asuba, don titin Lekki zuwa Epe ba ya wasa da cunkoso in rana ta ɗaga.

Kowa ya sa takalmi sau ciki. Gadar da ake bi ta saman bishiyoyi a wurin tsawonta mita 401 ne, tana lilo, kuma silifas in ya sulluɓe ya tafi ke nan. Mai jin jiri kada a tsokane shi, ya jira a ƙasa. Birai kuwa ba su da kunya ko kaɗan. Da sun ji ƙarar leda za su taho, sai ka ga an fizge biskit a hannunka. A rufe abinci cikin jaka, kada a ba su komai.

Masu son a haɗa da aikin gayya na kwashe robobi a bakin teku, ku riƙo buhuna da safar hannu, akwai fasassun kwalabe cikin yashi. Don Allah banda shiga ruwa. Wanda ya iya iyo a kogin garinsu ma, igiyar ruwan Legas janye mutum take yi.