Darasi na 8: Idan motoci sun yi karo a jere, wa zai biya?

Lokacin hunturu, hazo yakan rufe hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa har direba ba ya hango abin da ke gabansa sosai. A ce amalanken jaki ya shigo kan gudron ba zato. Motar farko ta taka birki, ta biyu ta buge ta, ta uku kuma ta afka wa ta biyu. Kafin ƙura ta lafa jama'a sun taru, kowa da hukuncinsa.

A ƙa'idar tuƙi, kowane direba sai ya bar ratar da za ta ishe shi tsayawa idan na gabansa ya tsaya. Shi ya sa galibi wanda ya bugi mota ta baya shi ake ɗora wa laifi. Cewa "ai shi ya tsaya ba shiri" ba ta cika fid da mutum ba.

Na tsakiya ne lamarinsa ke da wuya, domin motarsa ta lotse gaba da baya. A nan ku natsu sosai. Idan ya riga ya tsaya cak, sannan na uku ya ingiza shi kan ta farko, yawanci na uku ne zai ɗauki ɓarnar duka. Idan kuwa shi ya fara bugun ta farko kafin a buge shi, to ɓarnar gaba tana wuyansa, ta baya tana wuyan na uku. Wanda ya fi kowa sanin gaskiya shi ne direban farko. Ku tambaye shi da ladabi: "Malam, sau nawa ka ji bugu?" Bugu ɗaya alama ce ta ingizawa. Bugu biyu na nuna na tsakiya ya riga ya taɓa shi. Fasinjoji ma shaidu ne, ku karɓi sunayensu da lambar wayarsu tun ba su watse ba.

A fara da kai waɗanda suka ji rauni asibiti. Sannan a kira ƴan sanda in cikin gari ne, jandarma in bayan gari ne, su yi konsta, wato rubutaccen rahoton yadda hatsarin ya faru. Ku ɗauki hoto da waya kafin a gusar da motoci: gaba, baya, lambar kowace mota da sawun taya. Ku kwafi sunan kamfanin asiransin (inshorar) kowa da lambar takardarsa.

Sulhun bakin hanya yana da daɗi, don babu mai son rigima da ɗan'uwa. Amma ina roƙonku, kada ku karɓi ƴan jikkuna ku watse ba konsta. Ciwon wuya da na baya sukan taso bayan kwana biyu, makanike kuma yakan gano ɓarnar da ido bai gani ba. A ranar, ba ku da takardar nunawa.

Nijar tana bin dokar asiransi ta CIMA (ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka mai kula da harkar asiransi), wadda ta fito daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Dokar ta tilasta wa kowace mota asiransin da ke biyan ɓarnar da ta yi wa wasu. Wannan asiransi ba ya gyara motar mai laifi, sai in ya sayi wanda ya haɗa da tasa motar. Ku sanar da kamfaninku a rubuce cikin kwana 5, ko kuna ganin ba ku da laifi.

Fasinjan da ya ji rauni ba sai ya jira an gama gardamar direbobi ba. Kamfanin asiransin motar da yake ciki ne zai gabatar masa da tayin diyya, cikin wa'adin da doka ta tsara. Daga baya kamfanonin su daidaita a tsakaninsu. Fasinjan ya adana takardar likita da rasit ɗin kowane magani.

Aikin gida: ku ɗauko takardar asiransin mota ko moto ta gidanku, ku rubuta a littafinku sunan kamfanin, lambar takardar da ranar da za ta ƙare. Ku zo da shi darasi na gaba.