Kurakuran da aka fi yi wajen tantance babbar lamba: misalin 1,000,001

Ɗalibai da yawa in suka ga 1,000,001 sai su yanke hukunci nan take cewa firam ce, wato lambar da babu mai raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Hujjarsu ita ce mara ce, ta ƙare da 1, sun kuma gwada 3 da 7 da 11 da 13 duk an sami ragowar 2. Gaggawa ce kawai. Ƙarewa da 1, 3, 7 ko 9 na nuna cewa 2 da 5 ba sa raba ta, iyakarsa ke nan. Akwai firam 25 ƙasa da 100, ko ɗaya ba ta raba wannan lamba, sai ta 26 ɗin: 101 sau 9,901 ya ba da 1,000,001 cif.

To a ina ake tsayawa da gwaji? A kan saiwar lambar, wato adadin da in an ninka shi da kansa zai kai ta. A nan kusan 1,000 ne, kuma firam 168 ne kacal ke ƙasa da shi. Masu ci gaba har rabin lambar wahalar banza suke sha, domin duk mai rabawa da ta haura saiwa tana da abokiyar tafiya a ƙasa, kamar yadda 9,901 ke tare da 101. Ko manyan masana lissafi tarkon saurin cewa lamba firam ce ya kama: Fermat ya ɗauka 4,294,967,297 firam ce, sai a 1732 Euler ya nuna 641 na raba ta.

Wani kuskuren ya shafi lambar da ake karantawa daidai ta dama da ta hagu. Ana cewa 11 na raba duk irinta. Wannan dokar ta waɗanda yawan alƙalumansu cika ne ce, irin su 123,321. Tamu alƙalumanta bakwai ne, don haka sai an gwada.

Ƙirga masu rabawa ma na ba da ruwa. Ɗauki maƙwabciyarta 1,000,000, wadda ita ce 2 guda shida da 5 guda shida in an ninka su duka da juna. Wasu sai su ce 6 sau 6, 36. Sun manta cewa mai rabawa na iya zuwa babu 2 ko babu 5 a cikinta. A ƙara 1 a kan kowanne kafin a ninka: 7 sau 7, 49. Ta wannan hanya 1,000,001 masu raba ta huɗu ne.

Wajen tara su don a san ko lamba kammalalliya ce, wato wadda jimillar masu raba ta ke daidai da ita, kar a sa ita kanta a ciki. 1 da 101 da 9,901 sun ba da 10,003, sun gaza nesa ba kusa ba, saboda haka gajiyayyiya ce.

Sai a yi hattara da na'ura. Excel alƙaluma 15 kaɗai yake riƙewa, na bayansu ya mai da su sifili, har lambar da take mara ta koma cika.